Jar Motar Da Ta Yi Takaba Tare Da Ni

Duk wanda ya ce muku motar nan ta taɓa lalacewa, ku ce masa ya zo ya same ni. Shekara goma sha ɗaya ta yi a gidanmu na Birnin Kudu, ko ƙwarzanen farce babu a jikinta, kuma hannuwan nan nawa su ne shaida. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma na san ƙarar injinta kamar yadda uwa take gane tarin ɗanta a cikin yara goma.

Maigidana Alhaji, Allah ya jiƙansa, mai motocin haya ne. Yana da manyan motoci biyu na ɗaukar hatsi, da ƙananan bas masu jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da Kano. Shekarar da aka ba mu jiha, aka yanke mu daga Kano, sai mutumin nan ya koma kamar wanda aka yi wa haihuwar fari. Ya tafi Kano ya kwana uku, ya dawo da wata 'yar jar mota mai kujera biyu rak, cikinta har yana neman shafar ƙasa, kanta a buɗe. Tana da rufi, amma na baƙin tamfol ne mai taushi, wanda yake naɗewa ya koma baya ya kwanta. A hannun wani Balarabe da zai koma ƙasarsu ya saye ta. Wai so yake ta shiga sahun farko na motocin da za su ɗauki lambar Jigawa.

Na dube ta sama da ƙasa, na ce, "Alhaji, wannan kuma buhu nawa take ɗauka?"

Ya ce, "Girma take ɗauka, Hajiya. Shi kuwa ba a zuba shi a buhu."

Ya sa aka gina mata ɗaki a jikin zaure, mai ƙofa biyu: babba ta ƙarfe tana duban titi, ƙarama tana buɗewa ta cikin gida, dab da ƙofar ɗakina. Direbobinsa kuwa bai yarda ko ɗaya ya taɓa ta ba. Ya ce hannun da ya saba da babbar mota bai san lallashi ba. To, wa ya rage? Ni.

Da ruwan sama nake wanke ta, wanda nake tarawa a randa biyu tun damina, don ruwan rijiyarmu yana barin fari-fari a jikin fenti. Tsumman gogewarta wani tsohon zanina ne na atamfa da wanki ya cinye, har ya fi auduga laushi. Kujerun fata ne, akwai man da Alhaji yake kawo musu daga Kano a ɗan gwangwani, da yatsa biyu nake shafa shi. Na zagaye gindin bango da toka saboda gara. Na ajiye kyanwa, ni da ba na son kyanwa, don kada ɓera ya ci waya. Na ɗinka mata riga da farin yadi, in na gama sai in lulluɓe ta. Ranar Juma'a kaɗai take fita. Bayan la'asar Alhaji zai sa babbar riga, ya karya hula, ya zaga gari ya dawo, ni kuma ina tsaye da tsummana ina jira.

Akwai wani sirri a jikinta. Saboda ɓarayi, Alhaji ya sa wani bakanike a Kano ya ɓoye ɗan makunni a ƙarƙashin kujerar direba. In ba ka kai hannu ka danna shi ba, ko yini za ka yi kana murɗa makulli, sai dai ta yi ta tari, ba za ta tashi ba. A duk faɗin Jigawa mu biyu muka san da shi.

Yanzu bari in gaya muku abin da nake so, don in ba ku san shi ba, za ku ɗauke ni tsohuwar da rigima ta yi wa yawa.

Ni 'yar Sara ce, can ƙasar Gwaram. Ranar da aka kawo ni Birnin Kudu kaina a lulluɓe yake, ƙafafuna kawai nake gani. Daga nan na zama matar kulle, kuma ban taɓa jin haushin haka ba, mutunci ne. In za a kai ni gida biki ko gaisuwar mutuwa, sai an yi magariba, a saka ni a bayan bas a ja labule. Shekara arba'in da 'yan kai ina bin hanyar nan, na san kowace kwana da kowane gargada a ƙashin bayana, amma idona bai taɓa ganinta ba. Na je Makka, na ga teku ta tagar jirgi, ban ga hanyar garinmu da rana ba. Kada ku ce ai bas ma tana da taga. Ba taga nake so ba. So nake in zauna a motar da na raina da hannuna, babu komai tsakanina da sama, in ga duwatsu da itatuwa suna wucewa ta kaina.

Sau ɗaya na faɗa. Ina goge madubi, ban ko dube shi ba, na ce, "Alhaji, ɗayar kujerar nan ta wace ce?"

Ya yi dariya har da tari. "Taki ce mana. Wa nake da shi?"

"To yaushe?"

Ya daina dariya. Ya ce, "Hajiya, kin san unguwar nan. Malamai hagu da dama. In na ɗauko ki a buɗe na ratsa tasha da ke, gobe ni ne karatun zaure. Bari ki tsufa. Tsohuwa ba mai magana a kanta. Ranar da furfura ta gama cin kanki, wallahi ni da kaina zan kai ki Sara da rana tsaka, rufi a naɗe."

Na ce na ji. Alkawari kaya ne, na ɗora masa na koma ina jira. Ni ce macen da take duba madubi tana murna da furfura.

Furfurar ta zo, amma tare suka iso da ciwon ƙafar Alhaji. Shekara biyun ƙarshe bai ƙara taka totur ba. Ranar Juma'a sai a ajiye masa kujera a bakin ƙaramar ƙofa, ni in shiga mazaunin direba, shi yana ba ni umarni. "Duba giya tana firi. Danna na ƙasa. To, murɗa." Ta tashi tana gurnani a hankali kamar kyanwar da aka shafa. In duba mai da ɗan ƙarfen gwaji, in duba ruwan lagireto. Sannan rufi, don kada ya ƙage: maƙalai biyu ne a saman gilashi, in ka sake su ka danna maɓalli, sai ya ɗaga da wani ɗan kuka, ya naɗe ya koma baya. In rufe, in buɗe, in rufe. Ni da ban taɓa zuwa ko bakin titi a cikinta ba, na fi kowa zama a cikinta. Ɗayar kujerar kuwa ban taɓa ɗora jikina a kai ba. Ajiye ta na yi.

Da farkon damina Allah ya karɓi abinsa.

Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ba lalle, ba taka ƙofar gida. Na ƙirga ƙwallon dabino ɗari da talatin na zuba a kwano, kullum da safe in cire ɗaya. Ruwa yana zuba, ɗaki yana warin danshi, mata su shigo su yi gaisuwa su fita, ni ina nan inda suka bar ni. Abin da ya rage mini ƙaramar ƙofar nan ce, don ɗakin mota cikin gida yake. In shiga in yaye mata riga, in goge abin da ba shi da datti, in mayar.

Bayan sadakar arba'in sai ga ƙanin Alhaji. Shi ne ya tsaya a kan rabon gado. Mutumin nan tun yana yawo ba wando na san shi, ni na sha share masa majina, saboda haka wasa ne tsakaninmu har tsufa. Ya tsaya a bayan labulen ƙofata ya yi sallama.

"Matar Yaya, yaya haƙuri?"

"Da godiya, ƙaramin miji. Ka zo duba ko na yi saura ne?"

"Ke da sauranki, sai kin binne mu duka. Magana ce ta kawo ni. Malam ya ce kada a ja rai da rabo. Gida da manyan motoci duk an san yadda za a yi da su. Jar motar nan ce ba ta rabuwa, kuma cikin 'ya'yanki ba mai so. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar iyali, ga shan mai kamar rijiya. Sayarwa za a yi. Na yi wa dillalai magana."

Na dubi kwanona. Saura tamanin da tara.

Ku gaya mini, da wane baki macen da mijinta bai yi wata biyu a ƙasa ba za ta ce, ku dakata, akwai yawon da nake so a kai ni? Da na faɗa, da kafin la'asar an kai ni har ƙauyen Kiyako an dawo a baki. Sai na ce, "Makullin yana cikin akwatin Alhaji, ni kuwa ba na buɗe akwatinsa ina cikin takaba."

Wannan ya saya mini sati biyu. Ya dawo yana dariya, ya ce ya tambayi Malam, Malam ya ce bai taɓa ganin wannan a littafi ba, sai dai ko littafin matar Yaya ne. Na miƙa makulli ta ƙasan labule. Makunnin ƙarƙashin kujera kuwa ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ce komai ba.

Mai saye na farko daga Dutse ya zo, wani ma'aikacin gwamnati, turarensa har ɗakina. Na lallaɓa na kafa ido a tsagar ƙaramar ƙofa. Da aka yaye rigar sai da ya yi salati. Dillali ya fara waƙarsa: "Yallaɓai, wannan ba mota ba ce, amarya ce. Dubi taya, ko gashinta bai kaɗe ba." Ya shiga, ya murɗa makulli. Ta yi tari. Ya sake, ta sake tari. Aka canza batir, aka tura ta waje, aka turo ta ciki, shiru. Ya kakkaɓe riga ya tafi.

Na biyu ɗan Kano ne, mai ƙaton ciki, har ya sa ƙafa ya doki taya. Da na ga haka na ce a raina, kai ko ta tashi ba za ka same ta ba. Na uku ma ya zo ya tafi. Kwanona yana raguwa, ina jin daɗi a ɓoye, ina neman gafarar Allah a fili.

Sai magana ta fara dawo mini. Matan da ke zuwa gaisuwa su ne rediyona. Wai a tasha ana cewa mota ta bi mai ita. Wasu suka ce aljanun Balarabe ne a ciki. Duk wannan bai dame ni ba. Wadda ta soke ni ita ce ta wata maƙwabciyarmu, ta faɗa tana gyara goyo kamar ba komai: "An ce dama tun da Alhaji ya kwanta aka bar wa mace ita, ta yi ta zuba mata ruwa har injin ya ruɓe. To ina mace ina mota, Hajiya?"

Ni? Ni na ruɓar da ita?

Ƙanin Alhaji ma ya daina wasa. Ya tsaya a bayan labule ya ce, "Matar Yaya, abin nan ya fara ba ni tsoro. Duk wanda ya zo ya ga ba ta tashi, sai ya je ya faɗa wa goma. Yanzu masu sayen ƙarfe ne suka fara aiko mini. Haƙƙin magada ne fa yake narkewa, kuma ni za a tambaya gobe kiyama."

Gaba kura, baya sayaki. In na yi magana, motar ta tafi kafin in fita. In na yi shiru, ina cin haƙƙin 'ya'yan da na haifa, ana kuma ɓata sunan aikin da na yi shekara goma sha ɗaya ina yi. Na yi shiru dai. Kullum in ce gobe zan faɗa, gobe ta yi in cire ƙwallo ɗaya in ce saura kaɗan.

Saura tara a kwano aka kawo bakanike.

Da hantsi ne. Na ji an buɗe babbar ƙofa, na je tsagata. Wani dogo ne, rigarsa ta yi baƙi ƙirin da mai. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya zazzage sifanu. Ya buɗe gaban mota ya leƙa, ya tsotsi haƙori, ya ce, "Alhaji, irin waɗannan sai an sauke inji gaba ɗaya. Mu kwance shi mu ɗora a babbar mota a kai Kano." Yana faɗa yana zagayowa, sai ya dafa kujerar nan da hannunsa, ɗayar kujerar, tawa. Na ga shatin yatsu biyar a kan fata.

Ban san lokacin da na buga ƙofa ba.

"Kai! Ɗauke hannunka!"

Duk suka juyo. Ƙanin Alhaji ya ce, "Matar Yaya, lafiya?"

"Ka ce wa wannan ya tattara ƙarafunansa. Kai kuma shiga ka zauna. Duba giya tana firi. Kai hannunka na hagu ƙarƙashin kujera, can ciki, wajen ƙarfen. Ka ji wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa?"

"Na ji."

"Danna. To, murɗa."

Bugu ɗaya ta tashi. Gurnanin nan nata mai sanyi ya cika ɗakin, ko rawa ba ta yi. Bakanike ya riƙe baki. Na ce ta bayan ƙofa, da ƙarfi yadda na titi za su ji, "A je tasha a faɗa. A ce macen da ta ruɓar da inji tana gaishe su."

Da aka sallami bakanike, ƙanin Alhaji ya dawo bakin ƙofa. Sai ya fashe da dariya.

"Ashe aljanar Balarabe a gidan nan take kwana! Wata uku kina kallona ina zufa. Me na yi miki, matar Yaya?"

"Ba ka tambaye ni ba."

"To yanzu na tambaya. Me ya sa?"

Maganar ta zo har bakina. Na haɗiye ta. Na ce, "Tare muka yi zaman gidan nan da ita. Ba za ta riga ni fita ba. Ita ma takaba take yi."

Ya ce, "Allahu akbar," muryarsa ta canza. Ya ɗauka son Yayansa ne kawai. Na bar shi a haka, don ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Labari ya juya a kwana biyu. Wanda ya zo da gaske kuwa ɗan gida ne, ɗan yayata ta Sara, babban ɗan kasuwar hatsi, mutum mai ladabi tun yana ƙarami. A bayana ya yi wata shida lokacin da uwarsa ta yi ciwo. Ya ji tashin motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya shinshina kujeru, bai ja ciniki ba. Ya durƙusa a bayan labule ya ce, "Inna, an ce ke kika riƙe ta. Wallahi ko a Kano ban ga mai tsabtarta ba."

Na ce, "Allah ya sa albarka. Amma ba za ta fita ba sai na fita."

"Ko shekara kika ce, Inna."

Sai na ga ƙofa ta buɗe mini. Al'ada ce in mace ta fita takaba ta je ta gaida danginta. Na gyara murya, na yi kamar yanzu abin ya faɗo mini. "Af, dama zan je Sara in ga Yaya. Tunda can motar za ta, ga kujera ba kowa, ba sai an ɓata man bas ba."

Ƙanin Alhaji ya ce, "Iye! Tsohuwa a motar samari!"

Na ce, "Kai dai baƙin ciki kake, ba ka taɓa shiga ba sai da ta ƙi tashi."

Ɗan yayata ya ce, "Ai wannan alfarma ce gare ni, Inna. Ni zan kai ki da kaina."

Kwana bakwai ɗin nan sun fi mini wata huɗun tsawo. Na goge shatin yatsun bakanike har sai da ya ɓace. Na wanke ta da ragowar ruwan randa.

Ranar da kwano ya zama wayam, na yi wanka, na sa kwalli, na ɗaura leshin da Alhaji ya sayo mini a Makka. Washegari da hantsi aka fito da ita. Kaka ta shigo, sama tas, ba gajimare ko ɗaya. Daga cikin zaure na hango ta a ƙofar gida, ja jawur, rufi a naɗe, rana tana wasa a kan kujerun. Mutanen unguwa sun taru. Na naɗe tsummana a hannu don in ba shi in mun isa, in koya masa yadda ake yi. Na yi bisimilla na ɗaga ƙafa.

Ɗan yayata yana ganina ya zabura. "Subhanallahi, ku dakata, Inna ta fito!" Ya faɗa cikin mota ya danna maɓalli. Ina tsaye a bakin zaure na ji kukan nan da na sani, na ga baƙin tamfol ya taso daga baya, ya miƙe, ya sauko ya rufe. Ya ɗaure maƙalai biyu. Ya zagayo ya cire hiraminsa ya rataya a tagar gefena, ya ɗaga gilashi ya danne shi. Sannan ya matso da motar dab da zaure, ya buɗe mini ƙofa ya tsaya ya kare ni da babbar rigarsa.

Wani dattijon malami a cikin taron ya ce, "Madalla da ɗa! Haka ake yi wa uwa."

Kowa ya ce madalla. To me zan ce? Na sunkuya na shiga.

Kujerar tana da zurfi, ni kuma gajeruwa ce. Na nutse a ciki har gwiwoyina suka taso. Gabana allon mota, damana hirami, samana baƙin tamfol, tazararsa da ɗankwalina bai fi tafin hannu ba. Abin da nake gani na duniya wani ɗan siririn sama ne ta saman gilashi, kamar bakin zani.

Muka ɗauki hanya. Na ji mun ratsa tasha, ana ta yi masa kirari. Na ji mun bar gari. Na bari muka yi nisa, na ce, "Kai, ba ka jin zafi?"

"Ayya, Inna, yi haƙuri!" Ya murɗa wani abu, sanyi ya fara busowa a ƙafafuna.

Muka ƙara tafiya. Bayana ya gaya mini mun kai kwanar nan mai tsawo. Na ce, "Rufin nan fa, in ya daɗe a rufe ƙagewa yake. Alhaji kullum sai ya sa an buɗe."

"In sha Allahu, Inna. Ina sauke ki zan buɗe shi ya sha iska."

Maɓallin yana nan kusa da gwiwata. Na san shi fiye da yadda ya san shi. Kalma huɗu ce: tsaya ka buɗe mini. Ɗana ne, na goya shi, ba zai ƙi ba. Na ji ƙarar taya ta canza, na san gada ce. Na buɗe baki.

Sai ya riga ni. Ya ce, "Inna, tun ɗazu Baba Alhaji nake tunawa. Da yana raye da ya ji daɗi. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa ganin ko gefen mayafinki a hanyar nan, ga shi yau ma bayan ransa ba a gani ba. Ban ci amanarsa ba."

Na rufe bakina. Na ce, "Allah ya yi maka albarka."

Daga nan shi ya riƙa ba ni labarin hanya. Ga duwatsu can, Inna. Ga wata kuka mai kai biyu. Ga Fulani da shanu sun tsallaka. Ni ina cewa to, to, ina kallon ɗinkin tamfol, wanda na san adadin zarensa.

A Sara ma dab da zaure ya tsaya, ya sake kare ni da riga har na shige. Ban kai tsakar gida ba na ji kukan nan a bayana, rufi yana ɗagawa yana naɗewa, unguwa ta ɗauki sowa. Sai a lokacin na ga tsumman yana hannuna, na matse shi har ya jiƙe.

Yayata ta fito da sandarta, muka rungume juna, muka yi kukan Alhaji. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Da muka natsa ta ce, "Ke kam kin more, a motar gayu da rana tsaka. Yaya hanya? An ce dawar bana ta yi kyau tun daga Birnin Kudu har nan."

Na ce, "Haka na ji, Yaya."